Faifai ɗaya ya mutu amma akwatin na aiki: za mu iya jira?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da ƙaramin situdiyo a Kano, muna tace bidiyon biki da na talla. Duk ayyukanmu suna cikin akwatin ajiya mai faya-fayai 5, kowanne terabait 12, an shirya su a tsarin RAID 5. Kwana 10 ke nan fitilar faifai ɗaya ta koma ja, amma komai na buɗewa, sai dai ya ɗan yi nauyi. Mai kawo mana kaya ya ce sabon faifai sai nan da mako 2. Za mu iya ci gaba da aiki a haka? In kuma an gyara, mu zauna a RAID 5 ɗin ko mu sauya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwatin zai iya kai ku mako biyun lafiya, zai kuma iya durƙushewa gobe da safe, kuma babu injiniyan da zai iya rantse maka wanne ne zai faru. Saboda haka tun kafin ka gama karanta wannan amsa, nemo faifan waje, ko na aro ne, ka fara kwashe ayyukan da ba ku riga kun miƙa wa masu su ba, musamman ɗanyen bidiyon da ba a sake ɗaukarsa. Biki ba ya maimaituwa. Sabon aiki kuma a tace shi a wani wuri, a daina zuba shi cikin wannan akwati sai an gyara.

Abin da ya sa kake ganin komai na buɗewa shi ne, a RAID 5 ba a ajiye fayil ɗungurungum a faifai guda. Ana yanyanka shi gutsi-gutsi a jera a kan faya-fayan, a kowane layi kuma a ware gurbi ɗaya a rubuta wani lissafi da aka samo daga sauran gutsattsarin. Ɗauki lambobi huɗu: 7, 4, 9 da 5. Jimillarsu 25. In aka shafe 9 ɗin, ka ga 7 da 4 da 5 da 25, ba sai an gaya maka abin da ya ɓace ba. Na'urar ba tarawa irin ta aji take yi ba, tana amfani da wani lissafi mai suna XOR, amma hikimar ɗaya ce. Wannan lissafin ciko shi ke cinye girman faifai guda, shi ya sa daga terabait 60 kuke ganin 48 kawai. Yanzu duk lokacin da kuka buɗe fayil, akwatin sai ya karanta faya-fayai huɗun da suka rage ya lissafo rabon mamacin nan take. Nauyin da kake ji ke nan.

To a shafe 9 da 4 tare. Ka san abin da ya ɓace ya kai 13, amma 6 da 7 ne, ko 10 da 3, ko 12 da 1? Babu hanyar sani. Kuma tunda kowane babban fayil yana da rabo a kowane faifai, mutuwar faifai na biyu ba kashi biyu cikin biyar na ayyukanku za ta ɗauka ba, duka za ta tafi da su. Kariya ɗaya tal RAID 5 ke da ita, kuma kun riga kun kashe ta kwana goma da suka wuce.

Wannan tsari ya samu sunansa ne daga wata takarda da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka gabatar a 1988. Ƙaramin faifan da suka yi misali da shi megabait 100 ne, yana karanta kusan megabait 1 a daƙiƙa, wato a ƙasa da minti 2 an karanta shi kakaf. Naka faifan ya ninka wancan girma sau 120,000, amma a gudu bai ninka shi fiye da sau ɗari biyu da 'yan kai ba. A nan matsalar take. In an saka sabon faifai, dole a cika shi daga farko har ƙarshe da abin da aka lissafo daga sauran, aikin da ake kira sake gini. Terabait 12 a gudun megabait 200 a daƙiƙa ya kusa awa 17, wannan kuma in babu mai taɓa akwatin, in kuma gudun bai ragu ba, alhali faifai na rage gudu yayin da ake kusantar tsakiyarsa. In ana aiki a kai, kwana biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. Ka tara kwana 10 da suka wuce, da mako 2 na jira, da kwanakin sake gini: kusan wata guda kuna tafiya babu kariya ko kaɗan.

Wani zai ce ai faifai ba ya mutuwa haka kawai, yiwuwar na biyu ya bi na farko cikin wata ɗaya ƙanƙanuwa ce. Da mutuwar kowane faifai ba ta da alaƙa da ta ɗan'uwansa, da maganar ta yi daidai. Amma naku guda biyar ɗin, ina kyautata zaton rana ɗaya aka saye su, daga kwali ɗaya, suka sha zafi ɗaya da girgiza ɗaya da ɗaukewar wuta ɗaya. A 2007 Bianca Schroeder da Garth Gibson ɗin nan, a Jami'ar Carnegie Mellon, sun bi bayanan faya-fayai kusan 100,000 da ke aiki a manyan cibiyoyi. Alƙaluman kamfanonin ƙera su na nuna abin da zai mutu a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Su kuwa suka tarar kashi 2 zuwa 4 ne aka fi gani, a wasu wuraren har 13. Abin da ya fi shafarka, sun ga mutuwar tana zuwa ne a tattare: in ɗaya ya tafi, yiwuwar wani ya biyo baya nan kusa tana ƙaruwa. Wani lokaci ma abin ya wuce tsufa. A Nuwamban 2019 kamfanin HPE mai ƙera na'urorin kwamfuta ya yi gargaɗi cewa wasu faya-fayansa na SSD, irin waɗanda ba sa juyawa, suna da kuskure a manhajar cikinsu da zai sa su mutu murus da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato shekara 3 da kwana 270 da awa 8. Duk waɗanda aka kunna rana ɗaya, kusan lokaci ɗaya za su tafi, komai tsarin RAID ɗin da aka ɗora su a kai.

Amma ni abin da na fi tsoro a akwatinku ba mutuwar faifai na biyu ɗungurungum ba ne. Gurbin da ya lalace shiru ne. Faifai na iya zama lafiya lau a ido, fitilarsa kore, alhali akwai wani ɗan wuri a jikinsa da ba ya karantuwa, kuma ba wanda ya sani domin shekara biyu ke nan ba a buɗe fayil ɗin da ke wurin ba. Lokacin da duka biyar ɗin ke aiki, irin wannan ba komai ba ne: in an ci karo da shi sai a lissafo shi daga sauran a sake rubutawa. A halin da kuke ciki kuwa, shi ne lamba ta biyu da aka shafe a wannan layin. Sake gini kuma yana bin kowane lungu na faya-fayai huɗun, terabait 48 cif. Wani bincike da aka yi a kan faya-fayai miliyan 1.53 na abokan cinikin NetApp, kamfanin akwatunan ajiya, aka wallafa a 2007, ya nuna kashi 3.45 cikin 100 sun samu irin wannan ɓoyayyiyar lalacewa cikin wata 32.

Za ka ga ana yawo da wani lissafi a intanet. Takardar bayanin faifan gida ta kan ce kuskuren karatu bai wuce ɗaya a cikin bit tiriliyan 100 ba, wato kusan terabait 12 da rabi, na manyan cibiyoyi kuma ɗaya a cikin tiriliyan 1,000. Sai a ce tunda za ka karanta terabait 48, to sake gininka ya riga ya gaza. Ban yarda da wannan hukunci yadda ake yanke shi ba. Waccan lamba iyaka ce da kamfani ya yi alkawarin ba za a wuce ba, kuma faya-fayai masu lafiya sukan yi abin da ya fi ta nesa ba kusa ba. Mutane na sake gina manyan RAID 5 su gama lafiya. Abin da nake so ka ɗauka shi ne haɗarin na gaske ne, yana kuma girma da girman faifai da tsufansa. Abin da zai biyo baya ya danganta da akwatinka. Wasu tsofaffin kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa faya-fayan, gurbi ɗaya ya gagara sai su jefar da faifan gaba ɗaya su tsayar da aikin. Manhajar RAID ta Linux, wadda akasarin ƙananan akwatunan ofis ke amfani da ita, tana iya rubuta wurin a jerin lalatattu ta wuce gaba in an kunna mata wannan damar. ZFS kuwa, wani tsarin ajiya ne na dabam, zai ma faɗa maka sunan fayil ɗin da abin ya shafa.

Wannan ne dalilin da na ce a kwashe kafin a sake gini. Gaskiya ne kwafin ma wahalar da faya-fayan yake yi. Bambancin shi ne kai ke zaɓar abin da zai fara fita, kuma duk fayil ɗin da ya fita ya tsira, ko da akwatin ya faɗi bayan awa ɗaya.

Sai maganar wuta, wadda a wajenmu ita ce babba. Duk rubutu a RAID 5 biyu ne: a rubuta bayanin, a gyara lissafin cikonsa. In wuta ta ɗauke tsakanin biyun, lissafin ya daina dacewa da layin. Da duka biyar ɗin suna aiki, sai a sake lissafi bayan an kunna, shi ke nan. Amma yanzu wannan lissafin ne kaɗai abin da ya rage na rabon faifan da ya mutu, don haka in ya karkace, abin da za a lissafo daga gare shi shara ne, kuma sharar na iya faɗawa cikin tsohon fayil da ba wanda ya taɓa shi ranar. Shi ya sa Linux, in ya tarar an kashe akwati ba bisa ƙa'ida ba alhali da faifai a mace, yakan ƙi tayar da shi sai an tilasta masa. Saboda haka in ba ku da UPS, wato batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ku saya yau, ku kuma haɗa shi da akwatin ta wayar USB domin akwatin ya kashe kansa cikin natsuwa in batir ya kusa ƙarewa. 'Yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su yi ɓarnar. Ka kuma buɗe gaban akwatin ka duba fankokinsa, ƙurar hunturu kan toshe su, ga zafin bazara na Kano da ke haura digiri 40. Lokacin sake gini faya-fayan na aiki ba hutu, sun fi kowane lokaci ɗaukar zafi.

Kafin sabon faifan ya iso, shiga shafin kula da akwatin ka duba rahoton lafiyar huɗun da suka rage, wanda ake kira SMART. Ka fi mai da hankali kan lamba ta 5, da ta 197, da ta 198: adadin gurabun da aka riga aka sauya wa wuri, da waɗanda ke jiran sauyi, da waɗanda suka gagara karantuwa. In ka ga wani abu ban da sifili, musamman a 197 ko 198, to wannan faifan shi ne abin tsoro, kuma kwashe komai ya zama dole kafin a taɓa sake gini. In duka sifili ne, alhamdu lillahi, amma kada ka saki jiki. A binciken da Google ya wallafa a 2007 kan faya-fayansa sama da 100,000, faifan da ya nuna kuskure na farko a binciken da faifai ke yi wa jikinsa ya ninka sauran sau 39 a yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. A binciken nan dai, sama da kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai ba.

Ranar canji, akwai kuskuren da ya rusa akwatuna da yawa: zare lafiyayyen faifai a madadin mataccen. Lambar gurbi a allo ba kullum take dacewa da jerin da ido ke gani ba. Rubuta lambar jikin faifan da ya mutu daga shafin kulawa, ka gwada ta da wadda ke manne a jikin wanda za ka zare. Sabon kada ya gaza tsohon girma ko da kaɗan ne, ya kuma zama irin da aka ƙera don akwatin ajiya. Irin waɗannan, in gurbi ya gagare su, sukan haƙura bayan kamar daƙiƙa 7 su bar RAID ya gyara, na kwamfutar gida kuwa na iya nacewa har akwatin ya ɗauka ya mutu ya kore shi. Ka tabbatar kuma na CMR ne, mai rubuta kowane layi a wurinsa dabam, ba SMR ba. A 2020 aka yi ta ce-ce-ku-ce bayan an gano wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital masu terabait 2 zuwa 6 na SMR ne ba tare da an bayyana ba, irin da ke rubuta layi bisa gefen layi, wanda kan sa gudunsu ya faɗi warwas in rubutu ya daɗe, kamar na sake gini. Faifan da wani ya riga ya yi amfani da shi kuwa, ka guje shi a nan. Ana iya goge lissafin awannin da ya yi. Ni a ganina mako 2 ya yi yawa. In akwai inda za ka samu a kwana biyu ko da ƙarin kuɗi, ka biya, ka kuma sayi biyu.

In kuma, Allah Ya kiyaye, na biyu ya faɗi kafin a gama, to a tsaya cak. Kada a danna duk wani maɓalli da ke cewa a sabunta tsari ko a goge a fara daga farko, kada a yi ta kashewa ana kunnawa, kada a sauya wa faya-fayan gurbi. Sau da yawa faifan na biyu bai mutu ba, 'yan gurabu ne suka gagara. Wanda ya san aikin zai kwafe shi gurbi-gurbi zuwa wani sabo da manhaja irin ddrescue, ya sake haɗa tsarin a kan kwafin, a tsira da kusan komai. Gaggawar gyara ta fi lalacewar kanta cinye bayanai.

Tambayarka ta biyu: a'a, da faya-fayai masu terabait 12 ba zan ba ka shawarar zama a RAID 5 ba. RAID 6 yana ajiye lissafin ciko iri biyu mabambanta a kowane layi, na biyun daga dangin lissafin da Irving Reed da Gustave Solomon suka fitar a 1960, don haka yana jure rashin faifai biyu. Amfaninsa na yau da kullum ma ba mutuwar biyu ba ce. In ɗaya ya mutu ana cikin sake gini aka ci karo da lalataccen gurbi a wani, akwai sauran lissafin da zai cike shi, aiki ya wuce. Kuɗinsa faifai guda ne: da biyar ɗinku za ku koma terabait 36, in akwatin na da gurbi na shida kuka ƙara ɗaya, 48 ɗinku na nan. RAID 10, inda kowane faifai ke da tagwai, ya fi gudu wajen rubutu, sake gininsa kuma kwafi ne daga tagwan kawai, amma rabin wuri yake ci, kuma in tagwaye biyun suka tafi tare an rasa komai. Ga mai tara manyan fayilolin bidiyo, RAID 6 ya fi dacewa. Akwatuna da dama na iya sauyawa daga 5 zuwa 6 ba tare da gogewa ba, amma aiki ne na kwanaki da ke taɓa kowane layi, kada a fara shi sai an gama sake gini kuma akwai cikakken kwafi a gefe.

Faifai na biyun da na ce ka saya, shi ne na ko-ta-kwana. In akwai gurbi, a saka shi a faɗa wa akwatin matsayinsa, da zarar wani ya faɗi sake gini ya fara da kansa ko da tsakar dare ne. In babu gurbi, ya zauna a kabad. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yana da wani amfani kuma: in faifai ya fara nuna alamun ciwo amma bai mutu ba, Linux da ZFS duk suna iya kwafe shi zuwa sabon yana nan a wurinsa, ta yadda kariya ba za ta yanke ba ko na minti ɗaya. Manyan cibiyoyi sun bi wannan tunani har ƙarshensa. Backblaze, kamfanin ajiyar bayanai ta intanet, alal misali, a tsarin da ya bayyana a 2015 yana raba kowane fayil gida 17 da ciko 3 a kan na'urori 20 dabam-dabam, don ko na'ura uku sun mutu ɗungurungum fayil na buɗewa. Wasu tsare-tsaren kuma, irin dRAID da ya shigo OpenZFS, wani reshen ZFS, a 2021, na baza wurin ko-ta-kwanan a kan dukkan faya-fayai domin kowa ya sa hannu a sake gini, a gama da wuri.

Abu biyu da ba sa cin ko kwabo, amma su ke raba akwatin da ke tsira da wanda ba ya tsira. Na farko karatun sintiri: a saita akwatin ya riƙa karanta kansa kakaf sau ɗaya a wata yana gwada bayani da lissafi, domin lalataccen gurbi ya bayyana tun ana da abin gyara shi. Debian ma, wani nau'in Linux, haka yake zuwa a saite, Lahadin farko ta kowane wata. Na biyu sanarwa: akwatin ya turo saƙo ta imel ko waya in wani abu ya faru, ka kuma gwada ka ga saƙon na isowa da gaske. Kwana 10 da ka ambata daga ranar da aka lura da fitilar ne, rahoton akwatin zai faɗa maka ainihin ranar da faifan ya faɗi.

Duk wannan yana tsare ku ne daga mutuwar faifai kaɗai. In wani ya goge babban fayil bisa kuskure, RAID zai goge shi a dukkan faya-fayan nan take, haka in manhajar garkuwa da bayanai, mai kulle fayiloli sai an biya fansa, ta shigo, haka in wuta mai ƙarfi ta ƙone akwatin ko ɓarawo ya ɗauke shi. Ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab, kamfanin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya goge rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure, suka yi asarar aikin kusan awa 6, faya-fayansu kuwa lafiyarsu ƙalau. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye gini guda na OVH, kamfanin da ke ajiye wa mutane bayanai, a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafinsu ke cikin ginin suka rasa asali da kwafi tare. Ƙa'idar da aka saba ita ce kwafi 3, a kan ma'aji iri 2, ɗaya a wani gini dabam. Tura terabait 48 ta intanet ba abu ne mai sauƙi a wajenmu ba, amma faifan waje biyu da ake musanyawa duk mako, ɗaya na kwana a gida, sun wadatar ga ayyukan da ake kai.

Shi kuma mataccen faifan, kada ka yar, kada ka mayar wa mai kaya tukuna. Rubuta masa lambar gurbinsa ka ajiye har sai sake gini ya kammala an kuma yi karatun sintiri ɗaya lafiya, domin in abu ya ɓaci a tsakiya, mai ceto bayanai na iya ciro wani abu daga jikinsa. Bayan nan, in yana da garanti ka nemi canji. In babu, a huda shi ko a farfasa kafin a zubar, saboda gutsattsarin da ke kansa sun isa su ƙunshi cikakkun ƙananan hotuna da takardun mutanen da suka ba ku amanar bikinsu.